Daga Mandawari zuwa Kwari a ƙafa

Kuɗin mai ne ya sauke ni daga mota. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, kuma kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500. Na yi sati biyu ina cizon yatsa a gidan mai. Wani dare na ɗauki biro na lissafa abin da 'yar tsohuwar motata take sha a wata tsakanin gida da kasuwa, na ga ya haura kuɗin rabin buhun shinkafa. Washegari na lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida.

Gidana yana ta wajen Mandawari, shagona kuma a Kantin Kwari, atamfa da leshi nake sayarwa. Niyyata in koma hawa A Daidaita Sahu, to su ma sun ninka kuɗi. Ranar farko na tsaya a bakin titi, muka kasa daidaitawa da direbobi biyu, sai na ce bari in ɗan taka gaba ko na samu mai sauƙi. Ina takawa ina waige har na tsinci kaina a ƙofar gidan Sarki. Daga nan kuma na ga abin da ya rage bai kai a biya masa kuɗi ba. Na isa shago bayan minti hamsin da 'yan kai, riga ta manne a baya, yaron shagona yana kallona kamar wanda aka yi wa fashi a hanya.

Wanda bai san harkar Kwari ba zai ɗauka zama muke yi a kan kaya muna jiran mai saye. Rabin kasuwar a cikin waya take. A watan Yunin nan ne aka saki Naira, dala ta riƙa wayar gari da farashi ta yini da wani, kuma kayanmu kusan duk da dala ake shigo da su. Kafin in shafa addu'ar asuba hannuna ya kai aljihu: nawa take yau a Wapa wurin 'yan canji, kaya sun taso daga China ko suna can, mutumin Damagaram ya turo cikon kuɗi ko ya sake cewa gobe. Da aka yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yuli aka rufe iyaka, sai abin ya ƙara rincaɓewa, domin kwastomominmu na can ba kaɗan ba ne. Jikina yana gida, hankalina yana kan kuɗin da ban karɓa ba tukuna. Sau da yawa ina idar da sallar magariba a bayan liman, da za a tambaye ni surar da ya karanta sai dai in yi shiru. Abinci kuwa ban san ɗanɗanonsa ba, hannun dama yana cikin kwano, na hagu yana danna lissafi.

To a ƙafa ba a fito da waya, ba a Kano ta shekarar nan ba da ƙwacen waya ya addabi kowa. Dole na riƙa cusa ta a aljihun ciki in kashe mata ƙara. Kwanakin farko azaba ce. Sai in ji kamar tana motsi a ƙirjina, in laluba in ji shiru. Ina tafe ina ƙirga kiran da nake zaton na rasa, ina jin haushin duk wanda ya tare mini hanya da baro. Sai da na yi kusan kwana goma kafin idona ya fara sauka a kan abin da ke gabana, kuma abu na farko da na lura da shi shamuwa ce, tsaye a kan wata doguwar bishiya ta bayan wani gida. Rabona da in ɗaga kai in ga shamuwa tun ina makarantar allo, lokacin da ganinta yake nufin damina ta zo ke nan. Ashe ba ta daina zuwa ba.

Garin da nake ratsawa shekara da shekaru gilas a rufe, ashe kowane lungu da ƙamshinsa da safe. Hayaƙin icce da man ƙosai a nan, gaba kaɗan turaren wuta daga wani soro, sannan kwatami ya tuna maka cewa a cikin birni kake. Akwai makarantar allon da nake jin karatunta tun kafin in karyo kwana. Akwai dogarai cikin ja da kore a ƙofar fada, wani lokaci suna raha da junansu kamar yara idan babu manya a kusa. Sai gaisuwa, wadda na mayar danna ham da ɗaga hannu. Mai tafiya a ƙasa ba ya tsallake dattawan da ke zaune a kan dakali. Sai ka rage tsawo: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa? A ce maka ruwa ya yi gyara. Da farko ina ganin ɓata lokaci ne, har ina sauya lungu don in kauce musu. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kai ba ɗan gidan wane ba ne? Tafiyar mahaifinka ce da kai sak." Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, babu wanda ya taɓa gaya mini haka, don babu wanda ya ga ina tafiya.

Gidanmu na gado yana kan hanyar, a wani lungu da mota ba ta shiga. Wannan shi ne uzurina na shekaru: babu wurin ajiye mota. Kuɗin cefanen Hajiya mahaifiyata ba ya makara, transfa nake yi wa ƙanwata duk farkon wata, ina kuma kiran waya, ran Juma'a in leƙa a tsaitsaye bayan masallaci. A lissafina na fita haƙƙi. Ranar wata Talata da na yi sallama da sassafe, Hajiya ta ɗago a firgice ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce babu kowa, gaisuwa ce kawai. Ta daɗe ba ta yarda ba. Wannan tambayar ta tsaya mini a rai har na isa kasuwa, domin ni na koya mata cewa ba a ganina tsakiyar mako sai da dalili.

Daga ranar na mayar da shi ƙa'ida. Minti goma, wani lokaci sha biyar. Tana zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa da 'yar rediyonta, a zubo mini kokon da ya ji tsamiya, in sha da ludayi kamar yadda nake sha ina yaro. Ba wata hirar kirki muke yi ba. Akuyar maƙota ta shigo ta ci zogale, wance ta haihu, gero ya yi tsada. A irin wannan zaman ne na ga tana ɗaukar kofi da hannu biyu, na dama yana rawa, tana tallafe shi da na hagu don kada in lura. Na ce, "Hajiya, tun yaushe?" Ta ce, "Ai ya fi shekara, tsufa ne." Shekara guda ina kiranta duk sati ina tambayar yaya jiki, tana cewa da sauƙi. Rawar hannu ba ta shiga waya. Mun je asibiti, an ɗora ta a kan magani, alhamdu lillahi. Da ake cewa zumunci a ƙafa yake, ni na ɗauka karin magana ce kawai irin ta tsofaffi.

Bayan masallacin Juma'a hanya takan miƙe da ni ta gaban asibitin Murtala zuwa Ƙofar Mata, inda marina take. Turawa suna tasowa daga ƙasashensu don su ga ramukan nan da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsu, ni kuwa da nake cin abinci da tufafi ban taɓa shiga ba. Ranar da na shiga, wani dattijo na samu a tsugune a bakin rami, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, ya juya shi a hankali, ya ɗago. Na yi zaton zan ga shuɗi, sai na ga wani kore-kore mai ɗaukar ido. Ya riƙe shi a iska yana ɗan warware shi, ina kallo launin ya fara juyawa daga gefe-gefe yana shiga tsakiya, har ya koma shuɗi. Ya sake mayar da shi. Na tambaye shi me ya hana ya bar shi a ciki ya jiƙu gaba ɗaya ya huta. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ruwa ba ya rini shi kaɗai, sai ya sha iska." Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa, gwargwadon duhun da ake so. Can gefe kuma mabuga suna dukan shadda a kan gungume, sautin yana tashi bi da bi kamar masu daka su biyu a turmi ɗaya. Na tsaya har rana ta ɗaga. Ranar na makara, wani kwastoma ya gaji da kira ya sari leshi a shagon maƙocina, ribar da na rasa ba ƙarama ba ce, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi mini ciwo har dare.

Akwai wautar da na yi da ya kamata in faɗa. Da abin ya fara yi mini daɗi, sai na so in mayar da shi wani aiki. Na saka manhajar ƙirga taku a waya, na fara ɗaukar hoto a wuraren da na ga babu haɗari ina ɗorawa a WhatsApp: ga marina, ga hasumiyar masallaci cikin hazo, ga kokon Hajiya. Kafin sati biyu na koma gidan jiya. Ina zaune gabanta ina duba mutum nawa suka kalli hoton kokon, kokon kuwa yana hucewa. Ita ce ta ce, "Da ni ka zo gaisawa ko da abin hannunka?" Na goge manhajar a wurin.

Ba na so a ɗauka ina yabon tsadar mai. Na ga abin da ta yi wa mutane. A hanyar nan nake haɗuwa da leburori da malaman makaranta da suke takowa daga nesa, ba don nishaɗi ba, wasu ko karin kumallo babu. Ni ina da mota a ƙarƙashin tamfol, duk ranar da na ga dama sai in yaye. Kuma na yaye ɗin. Azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, tsakiyar zafi, ga kasuwar salla ta buɗe, lokacin da ɗan Kwari yake neman abin da zai ci rabin shekara. Na koma mota, na koma waya a kunne tun daga ƙofar gida. Sati shida ban taka lungun gidanmu da safe ba. Hajiya ba ta ce komai ba, ko a waya. Bayan salla ne ƙanwata take gaya mini cewa a kwanakin farko kullum sai Hajiya ta sa an shimfiɗa tabarma ta biyu da hantsi, ko da azumi ne babu koko, wai ko zan biyo mu gaisa. Da ta ga shiru sai ta ce a daina.

Yanzu dai na raba. Kwana uku a mako ina takawa, sauran in hau mota idan akwai kaya ko nisa. A gida kuma, tsakanin magariba da lisha wayar tana ɗaki a jikin caji, duk wanda ya kira ya sake kira. Ba kullum nake cikawa ba. Ranar da dala ta yi tsalle sai ka ga na saci jiki na leƙa, maman yara tana kallona ta gefen ido ba ta ce uffan ba. Amma na fara sanin surar da liman ya karanta, na kuma gano cewa miyar kukar gidana daddawa ta fi yawa a cikinta, abin da na shekara goma ina ci ban sani ba.

Asabar ɗin da ta wuce na tafi da 'yar autata gidan Hajiya, don babu makaranta. Tafiyar minti goma ta ɗauke mu rabin sa'a, domin sai ta tsaya ta ga kowace akuya, ta leƙa kowane shagon tela. Muna shiga lungun sai ta toshe baki da hannu biyu ta ƙi magana. Na ce lafiya? Ta nuna mini katanga da ido, wani jan gwada yana ta gyaɗa kai. Sai da muka wuce shi ta sauke hannu ta raɗa mini cewa haƙorinta ya fita jiya, kuma idan ƙadangare ya ga giɓin wani ba zai tsiro ba. Na durƙusa na ce ta buɗe in gani. Ta waiga ta tabbata ya tafi, sannan ta washe baki.