Garin neman gira na ɓata idon wani dattijo

Shekara 15 ke nan, amma har yau in na ji warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina da ɗan shago, ina rubuta allunan talla ina kuma zana hotunan mutane. Ban daɗe da gama karatun zane ba, kai na hayaƙi. Wata rana wani abokin kawuna, tsohon malamin makaranta, ya shigo da wani abu naɗe cikin zanin gado. Hoton mahaifinsa ne, zanen fentin mai a kan ƙyalle, wanda wani ɗalibin zane ya yi a Zariya a farkon shekarun 1960. Mutumin na zaune da rawani da farar riga, sai dai farin ya koma launin shayi. Ga kashin ƙuda, ga wata yagewa kamar tsawon yatsa a gefen kafaɗa.

Ya ce, "Ɗana, an ce hannunka na da kyau. Shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi, ko na kati babu."

Na ce, "Baba, kada ka damu. Jibi a aiko yaro ya ɗauka."

Ku riƙe wannan "jibi", za mu dawo kanta.

Yana fita na ɗauko tsumma da kwalbar tinar da nake wanke burushi da ita. Na fara da rigar. Goga ɗaya, sai ga fari tas ya fito kamar an kai wa mai wanki. Daɗi ya kama ni. Na hau kan rawani, na gangaro fuska, ina gogawa ina sauraren rediyo. Ban dubi tsumman ba sai da na ga ido ɗaya ya yi wani iri. Da na juya tsumman, ruwan ɗorawar da ke fita ɗazu ya koma ja-ja mai duhu. Inuwar da ke ƙarƙashin ido da gefen hanci, wadda ta sa fuskar ta zama ta mai shekaru, tana hannuna. Idon ya tsaya fayau kamar na 'yar tsana.

Da a nan na tsaya, da ɓarnar ta tsaya a faɗin kwabo. Amma ai ni mai zane ne, ko? Na haɗa fenti na mayar da inuwar da ka, domin ko hoto ɗaya ban ɗauka ba kafin in fara. Da na gama wannan idon sai ɗayan ya zama tsoho a kusa da shi, na taɓa shi. Kunci ya ƙi dacewa, na taɓa. Haka har gemu. Yagewar kuwa na manna mata ƙyallen tsohon wando ta baya da gam ɗin kafinta. Sannan na rufe komai da banish irin wanda ake shafa wa ƙofa, shafi biyu, hoto yana walƙiya kamar tangaran.

Baba da kansa ya zo ɗauka. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla, ya yi haske." Ya biya ni ya tafi.

A 2012 labarin nan na garin Borja a Sifaniya ya cika duniya, inda wata tsohuwa, Cecilia Giménez, ta yi niyyar gyara wani zanen bango a cocinsu, fuskar ta koma abin da mutane suka riƙa kwatantawa da biri. Na yi dariya har da hawaye. Ban san layinmu ɗaya ba. Bambancin kawai, tawa ɓarnar tana kama da mutum, shi ya sa ba wanda ya yi ihu.

Bayan wasu shekaru na halarci wata bita ta ma'aikatan gidajen tarihi, inda aka gayyato wata mata da ta yi karatun alkinta tsofaffin zane a waje. Cikin alfahari na aro hoton daga wurin Baba don in nuna mata aikina. Ta sa aka rufe tagogi, ta kunna wata 'yar fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. A ƙarƙashin wannan haske tsohon banish yakan yi wani kore-kore mai hazo, sabon fentin da aka ɗora daga baya kuma yakan fito duhu. Duk inda burushina ya bi ya tona kansa, tabo-tabo daga goshi har gemu. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: ina hoton yadda yake kafin ka fara? Na yi shiru.

A ranar na gane cewa iya zane daban, jinyar zane daban, kamar yadda haihuwar 'ya'ya goma ba ta mai da mace likitar yara. Zanen fentin mai hawa-hawa ne. Akwai ƙyalle, akwai gam ɗin da aka shafa masa, akwai farar shimfiɗa, sannan fenti, sannan wasu siraran launuka masu shara-shara da ake ɗorawa a ƙarshe don inuwa, sai banish a sama. Banish ɗin da ake amfani da shi a da ƙaron itace ne, irin su damar daga yankin Indunusiya da mastik daga tsibirin Kiyos na Girka, kuma duk suna komawa ruwan ɗorawa da tsufa. Matsalar ita ce masu zane da yawa sukan gauraya wannan ƙaro cikin siraran launukan nan na ƙarshe, don haka abin da ya narkar da banish zai iya tafiya da inuwar fuska. Abin da tinata ta yi ke nan.

Na ga yadda take aiki a kan wani zanen. Ta naɗa 'yar auduga a kan tsinke, ta zaɓi wani wuri a can gefe inda firam ke rufewa, faɗinsa bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ta gogawa, mirginawa take yi sau biyu ko uku, ta ɗaga ta dubi audugar a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ta rubuta abin da ta gani. Da mafi raunin abu take farawa. Kada ku yi dariya, har da yawu: masu wannan sana'a sun daɗe suna amfani da shi wajen cire dattin sama, kuma wasu masana 'yan Fotugal sun gwada sun ga sinadarin da ke narkar da sitaci a baki shi ke yin aikin. Ban ce ku je kuna tofa wa hotunan mutane ba. Ina nufin ni da guduma na fara inda ake farawa da gashin tsuntsu.

Ƙa'idarsu biyu ce ta fi ci mini rai, don duk na karya su. Abin da ka cire ba ya dawowa, saboda haka sai ka tabbatar ba na mai zanen ba ne. Abin da ka ƙara kuma dole ya zama wanda na bayanka zai iya cirewa ba tare da ya taɓa asali ba. Shi ya sa ba sa cike gurbi da fentin mai, suna da nasu launukan masu sauƙin narkewa, kuma a cikin gurbin kaɗai suke sa su, ba sa hawa kan fentin asali ko da faɗin gashi. A Italiya, cibiyar gyaran kayan tarihi da aka kafa a Rum a 1939, wadda Cesare Brandi ya fara shugabanta, ta fito da salon cike gurbi da ƙananan layuka a tsaye. Daga nesa sai ka ga hoton ya cika, in ka matso ka gane ina ne hannun mai gyara. Wato ko gyaran ba a yarda ya yi ƙarya ba.

Sai batun "jibi". Zanen cin abincin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa, wanda Leonardo da Vinci ya yi a bangon wani ɗakin cin abinci na 'yan coci a Milan, Pinin Brambilla Barcilon ta shugabanci gyaransa daga 1978 zuwa 1999, kuma babban ɓangaren wahalar shi ne cire fenti da gam ɗin da masu gyaran baya suka lafta, wato irina na ƙarnonin da suka wuce. Zane-zanen Michelangelo a majami'ar Sistin ta fadar Fafaroma sun ci daga 1980 zuwa 1994, kuma har yau akwai masu cewa an wuce gona da iri wajen wankin. In ƙwararru da ɗakin gwaji ba su tsira daga wannan zargi ba, ina ga mai tsumma da rediyo?

Ƙannena masu sha'awar wannan aiki, ga kuskurena da ya fi na tina tsada: na guje wa kemistiri tun a sakandare, ina cewa me ya haɗa mai zane da shi. Da na so shiga sana'ar da gaske, shi ne ya tare mini ƙofa. Makarantun da ke koyar da ita yawanci karatun gaba da digiri ne. A Ingila akwai Courtauld a Landan, inda ake shekara 3, da Hamilton Kerr ta Jami'ar Kambirij. A Amurka akwai ta Jami'ar Delaware da ta Jami'ar New York, kuma kafin su dube ka sai ka nuna ka yi kemistiri a jami'a, ka yi tarihin zane, kuma hannunka ya iya aiki. Mutum kaɗan suke ɗauka a shekara. A can za ka koyi karanta hoton eksire na zane, inda farin dalma ke fitowa fili, da gano zanen farko da ke ɓoye ƙarƙashin fenti, da haɗa yagewa zare da zare. Idan idonka ba ya bambance launuka sosai, gara ka sani tun yanzu. A nan kusa, akwai makarantar kula da kayan gado ta Afirka a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, wadda aka kafa a 1998 da hannun ICCROM, cibiyar ƙasa da ƙasa ta kula da kayan tarihi da ke Rum. Ba za ta mai da kai likitan fentin mai ba, amma ana koyon kula da kayan gidan tarihi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba sana'ar saurin kuɗi ba ce. Gurabe a manyan gidajen tarihi kaɗan ne, da yawa kan ƙare da buɗe nasu ɗakin aiki suna yi wa masu tara zane da gidajen gwanjo. Amma a wurinmu filin kusan fayau yake. Ayyukan 'yan ƙungiyar zane ta Zariya da aka kafa a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, sun haura shekara 60. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2. Irin waɗannan suna rataye a ofisoshi da falo-falo, hunturu ya busar da su, damina ta jiƙa su da laima, ƙyalle yana saki yana ɗaurewa kowace shekara har fenti ya fara tsagewa. Ga gara, ga fumfuna, ga hayaƙin turaren wuta.

Idan aka kawo muku tsohon zane gobe, ku ɗauki hotonsa gaba da baya a cikin haske mai kyau kafin komai. Idan fenti na ɓarewa, ku kwantar da shi fuska sama, ku tattara ɓarɓashin a ambulan, kada ko burushi ya taɓa shi. Ban da ruwa, ban da sabulu, ban da kananzir, ban da salatif. Ku ɗauke shi daga bangon da ke tsatsafar danshi da inda rana ke duka. Sannan ku buɗi baki ku ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina." Wannan maganar ce na kasa furtawa, don kada a ce hannuna ba shi da kyau.

Na tambayi matar ko za a iya mayar da hoton yadda yake. Ta ce banish ɗin ƙofa in ya bushe ba ya narkewa da sauƙi, abin da zai ɗaga shi zai iya cin ragowar fentin asali, kuma inuwar da ta tafi a tsumma ta riga ta tafi. Shawararta a bar shi haka.

Da na mayar wa Baba na zauna a ƙasa na faɗa masa komai. Ya yi murmushi ya ce, "Ai tun ranar na sani, ɗana. Mahaifina bai taɓa kallon mutum ido cikin ido haka ba."

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Hoton na nan a falon babban ɗansa, yana ta walƙiya. Da sallar da ta wuce na je gaisuwa, wata 'yar jikarsa ta ja ni ta nuna mini shi, ta ce kowa na cewa idonta irin na kakan-kakanta ne.