Ƙarin fata mai tauri a ƙarƙashin bororo

Ni likita ne a Tawa, ba ƙwararren fata ba. Mai maruru, mai kaluluwa, mai tabon da ya yi toho, duk a gabana suke zama, kuma yawancinsu kallo ɗaya ya isa. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne ƙarin da ba daji ba, amma ya zo da suffa mai firgitarwa.

Wata yarinya ce da ba ta kai shekarun aure ba, kakarta ta kawo ta da kumburi a damtse. Samansa laushi tiɓis, fatar ta yi siriri ta ɗago kamar ta tara ruwa. Wanzami ya riga ya yi sakiya, bai samu mugunya ba, sai ɗan jini. Tsohuwar ta ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya, daji ne?" Na ce, "Inna, bari in taɓa tukuna."

Da na danna, a ƙarƙashin laushin sai na ji abu kamar tsakuwa, mai kusurwa-kusurwa, yana motsi ba tare da ya kama nama ba. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba tari, ba rama, kuma ya yi watanni yana girma a hankali. Wannan ya rage mini zargin kaluluwar tarin fuka, balle ma wurin ba mazaunin kaluluwa ba ne. Gyambon lishmaniya, da muke gani a ƙasarmu, ba ya yin irin wannan tauri. Hoton eko, wato na'urar da ke duba cikin jiki da sauti, ya nuna ƙullutu mai iyaka, da ɗigo-ɗigon kalsiyam a ciki.

Zuciyata ta tafi kan filomatirikoma, ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin tushen gashi. Malherbe da Chenantais ne suka bayyana shi a Faransa a 1880, sunan da ake kiransa da shi yanzu kuma ya samo asali ne daga wanda Forbis da Helwig suka raɗa a 1961. Ya fi kama yara da matasa, galibi a fuska, wuya ko hannu. Nau'in mai bororo a sama ba kasafai ake ganinsa ba. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ƙarin yana danne hanyoyin ruwan jiki, ruwan ya taru a fatar da ke samansa.

Littattafan da muka karanta suna cewa a duba launin shuɗi-shuɗi ko ja a kan ƙullutun. A baƙar fata wannan magana ba ta da amfani sosai. Yatsa ya fi ido aiki a wurinmu: ka ja fatar ta miƙe, kusurwoyin su bayyana, ko ka danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗago.

Ban tsotsi abin da allura don gwaji ba, da gangan. An san ƙwayoyin wannan ƙari na iya ruɗar mai dubawa har ya ce daji ne, idan ɗan kaɗan aka ba shi. Na yi allurar kashe zafi, na cire shi ɗungum tare da fatar da ta lalace. Cikinsa fari-fari ne, yana marmashewa.

A nan ne nake saɓawa da wasu abokan aiki. Sukan ce tunda an cire, mara lafiya ya huta, me ya sa za a ɗora wa talaka kuɗin gwaji da na mota zuwa Yamai? Ni dai ban yarda a jefar da naman da ba a san sunansa ba, domin akwai dajin da ke kwaikwayon irin wannan ƙari, ko da yake ganinsa na da wuya ƙwarai. Na sa shi cikin formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka girman naman kamar sau goma. Ba ruwan gishiri ba, wanda a zafin Adar naman zai ruɓe kafin ya isa. A takarda na rubuta shekaru, wuri, tsawon lokaci, sakiyar wanzami da abin da nake zato.

Sakamako ya ɗauki makonni. Mai duba nama ya ga ƙwayoyin da ake kira fatalwa, waɗanda suka rasa cibiyarsu amma suffarsu ta rage, kuma su ne hatimin wannan ƙari. Na kira kakar na ce, "Inna, ba daji ba ne, kuma da wuya ya dawo tunda an cire shi duka." Na ƙara roƙonta ta dawo da yarinyar idan wani ya fito a wani wuri, saboda yawansu a jiki ɗaya kan sa a binciki wata cutar tsoka ta gado.