Ranar Tsinkar Taba a Bafra

Laraba, cikin Agusta

Ƙarfe uku na dare abokina ya tashe ni. Na ce masa ko assalatu ba a kira ba, ya ce ai da rana ta ɗaga ganye zai yi laƙwas, ba ya ɓalluwa da kyau. Haka muka hau tudu da fitila ɗaure a goshi, mu bakwai har da mahaifiyarsa. Ƙauyensu yana tuddan Bafra, a lardin Samsun na arewacin Turkiyya, ba nisa da inda kogin Kizilirmak yake zuba cikin Bahar Aswad.

Daga ƙasan kara ake farowa, a ɓalli ganye uku ko huɗu da suka nuna, a bar na sama sai wani zagayen. Kafin gari ya waye bayana ya ƙage, yatsuna sun yi baƙi ƙirin da wani danƙo mai ɗaci.

Da muka sauko na ware manyan ganyena masu faɗi, na kai wa kakansa ina jiran yabo. Dede, haka kowa ke ce masa, ya ɗaga ɗaya ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaro, wannan kabeji ne." Sai ya shiga rumfa ya ɗauko busasshen ganyen bara, wanda bai kai tafin hannuna ba, launinsa kamar zuma. Ya ɗan hura masa iskar bakinsa, ya dunƙule shi, ya buɗe hannu. Ganyen ya miƙe a hankali, bai farfashe ba. Ya kai mini hanci: ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kusan irin na busasshen ɓaure. Sannan ya kusantar da garwashi ga gefensa. Wutar ta riƙa ci da kanta, ta bar toka fara. Ya ce in toka ta yi baƙi ko wuta ta mutu, to an cika wa gona taki ko ruwa.

Ashe irin wannan taba ƙasa mai tsakuwa take so. A cunkushe ake dasa ta don kada ganye ya yi girma, kuma ba a yanke mata kai. 'Yan ƙananan na can sama, na tsinkar ƙarshe, su ne masu tsada.

Bayan shayi muka zauna a inuwa muna shirya ganye a doguwar allura mai faɗi, a huda ta jijiya, a zuge cikin zare, a rataya a rana mako biyu zuwa uku. Mahaifiyarsa tana hira tana cika allura uku kafin in cika ɗaya, na kuma soki yatsa sau biyu. Ido kuwa kullum yana sama, don nan bakin teku ba a raba shi da yayyafi.

Dede ya yi ta tuna zamanin Tekel, kamfanin gwamnati da aka sayar da sashen tabarsa a 2008. Yanzu da kwantiragi ake noma, mai duba ganye ya zo ya yanka daraja. Matasa, in ji shi, duk sun gudu birni.

Ni ba na shan taba, amma furenta da na gani a kan kara ya tuno mini da kakata a Katsina, tana goga fure da goro har haƙoranta su yi ja. Na tsinko ɗaya na sa cikin littafina. Sau uku na wanke hannu da sabulu kafin alwalar isha'i, danƙon yana nan. Gobe ma ƙarfe uku ne.