Masu Adana Tsofaffin Wasannin Ƙwallo a Jos

A Jos akwai wasu 'yan tsirarun mutane, da ni a cikinsu, waɗanda sha'awarsu ita ce tara wasannin ƙwallon ƙafa da aka naɗa daga talabijin ko rediyo, su adana su, su kuma riƙa musaya a tsakaninsu. Guntayen bidiyon zura ƙwallaye da ke yawo a wayoyi ba sa gabanmu. Abin da muke bi shi ne wasa cikakke, tun daga taken ƙasa har busar tashi, haɗe da tallace-tallacen hutun rabin lokaci da muryar mai sharhi kamar yadda ta fita a ranar.

Duk wanda ya shigo harkar, da manyan wasannin Najeriya yake farawa: wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1980 a Legas, inda aka ci Aljeriya 3-0, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya; wasan Dammam na 1989 a gasar Kofin Duniya ta matasa, lokacin da matasanmu suka rama ci huɗu da Tarayyar Sobiyet ta yi musu, suka kuma fitar da ita a bugun fenariti; sai gasar Olamfik ta Atlanta 1996, inda aka ci Brazil 4-3, Ajantina kuma 3-2. Waɗannan suna da daɗin kallo, amma a ganina ba su ne abin tashin hankali ba, domin gidajen talabijin na ƙasashe da yawa sun ɗauke su, kuma ko kaset ɗinka ya lalace akwai wani a wani wuri.

Wasannin gida su ne ke salwanta. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, kuma a shekarar ta kara da Bendel Insurance a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, aka tashi 2-2 kafin a sake wasan a Ibadan ta sha kashi. Dattawan unguwannin Gangare da Dilimi har gobe suna ba da labarin Sam Garba Okoye, ɗan wasan Mighty Jets, yadda yake yanka da yadda yake bugu, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa fito da wasa guda cikakke da za a zauna a gan shi da ido. Dalilin a fili yake. A wancan zamani kaset na gidan talabijin yana da tsada, saboda haka akan goge wasan makon jiya a naɗi wani shiri a kansa, na'urar bidiyo kuwa ba ta fara shiga gidajen mutane sosai ba sai a shekarun 1980. Abin takaici ne a garin da tashar talabijin ɗinsa ta Binuwai-Filato ta riga kowace a ƙasar nan fara watsa hoto mai launi, garin da kuma yake da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da kwalejin talabijin ta NTA. Ko wasannin da Plateau United ta buga a hanyarta ta cin Kofin FA na ƙasa a 1999 sun fi wasan Kofin Duniya na 1994 wuyar samu. Shi ya sa a wurinmu kaset guda na wasan lig a filin Rwang Pam, ko da hotonsa yana rawa, ya fi goma na Turai daraja, haka ma kaset ɗin rediyo mai ɗauke da sharhin marigayi Ernest Okonkwo, ko sharhin Hausa da wani ya naɗa da rikoda a shagonsa.

Musayar tana da ƙa'idojinta, ko da yake babu inda aka rubuta su. Ba a sayarwa, wasa ake bayarwa a karɓi wasa. Tambayar farko da ake yi ita ce ko uwar kaset ce ko kwafi, in kwafi ne kuma hannu na nawa, domin a kaset ɗin bidiyo na VHS duk kwafin da aka yi daga kwafi sai launi ya ƙara dushewa, har lambar da ke bayan riga ta daina karantuwa. Dole ne mutum ya faɗi aibin kayansa tun kafin a tambaye shi: an ɗauke wuta a minti kaza, ko an naɗi bikin suna a kan ƙarshen wasan, wanda ya fi komai yawa a kaset-kaset ɗin da ake samowa a gidaje. Kaset mai lamba E-180 awa uku yake ɗauka, ya ishi wasa har da ƙarin lokaci, amma masu tattali sukan sa na'ura a tafiyar hawainiya don su cusa wasa biyu, hoton kuwa ya biya kuɗin. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da kaset daga Amurka a 1994 yana da wata matsalar, domin tsarin hotonsu NTSC ne, namu PAL, sai an sami na'ura mai karanta duka biyun.

Wani dattijo a Unguwar Rogo da na je wa da roƙon aro ya buɗe akwatin ƙarfe, kowane kaset a tsaye cikin kwalinsa, da sunan wasa da shekara a rubuce da ajami a gefe. Ya ce, "Yaro, ba na hana ka, amma a gabana za ka kwafa." Na ce, "Baba, ai haka ya dace." Kafin ya miƙo mini ko ɗaya sai da ya ɗaga shi a hasken taga, yana duba ko farar fumfuna ta hau naɗin zaren. Sanyin Jos yana taimaka wa kaset, amma danshin damina da ƙurar hunturu ba sa raga masa, kuma kaset guda mai fumfuna yana iya toshe kan na'ura ya ɓata na bayansa.

Yanzu aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne juyar da su zuwa kwamfuta, wanda ba a iya gaggauta shi, tunda wasan awa biyu sai ya ci awa biyu cur. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera na'urar VHS, don haka duk wadda ke hannunmu tsohuwa ce, masu gyaranta kuma sun yi ƙaranci, sukan ciro bel da kai daga matacciya su sa wa mai rai. Mun yi ittifaƙi a tsakaninmu cewa wasannin gida da sharhin rediyo za a fara juyewa, kowane wasa kuma a ajiye shi a gidaje biyu, ɗaya a Jos ɗaya a Bukuru.