Zikiri kai kaɗai ko cikin jama'a: wanne ya dace da kai?

Bayan sallar Asuba a masallacin unguwa, a Gusau ne ko a Jega, mutane kan rabu uku. Akwai masu sallamewa su nemi takalmansu. Akwai wanda zai ja jiki ya jingina da ginshiƙi, ya lulluɓe kai da mayafi, carbi na tafiya a hannunsa, ba ka ganin komai sai motsin leɓe. Akwai kuma waɗanda ke matsowa su yi da'ira, murya ta tashi ɗaya. Wanda ke son fara zaman natsuwa da ambaton Allah yakan tsaya yana wasiwasi: in bi sahun na jikin ginshiƙi ne, ko in shiga da'ira?

Kafin a kai ga zancen wanne ya fi falala, sai mutum ya san ta inda jirginsa ke yoyo. Masu wannan aiki iri biyu ne wajen faɗuwa. Akwai wanda ke farawa da zafi, ya yi kwana huɗu, rana ta biyar barci ya ɗauke shi, daga nan shi ke nan. Akwai kuma wanda ba ya fashi ko kwana ɗaya, amma harshensa na hailala zuciyarsa na kasuwar Gummi tana cinikin buhun gero. Na farko jama'a ce maganinsa. Na biyu kaɗaici yake bukata, ko da ya shekara ashirin a da'ira.

Dukkan hanyoyin biyu suna da madogara. Aya ta 205 a suratul A'araf ta ce a ambaci Ubangiji a cikin rai, da ƙanƙan da kai da tsoro, ba da ɗaga murya ba, safe da yamma. Aya ta 28 a suratul Kahfi kuma ta ce a haƙurtar da rai tare da masu kiran Ubangijinsu safe da maraice. A hadisi, cikin mutum bakwai da za su sami inuwa ranar alƙiyama akwai wanda ya tuna Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar da hawaye. A wani hadisin da Muslim ya ruwaito, mutanen da suka zauna suna ambaton Allah mala'iku na kewaye su, rahama ta lulluɓe su, natsuwa ta sauka a kansu. Inda malamai suka rabu shi ne siffar taron. 'Yan ɗariƙa suna ganin halaccin haɗa murya ɗaya da adadi ƙayyadadde. Malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, suna fassara majalisar zikiri da zaman karatu da wa'azi, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Mas'ud da ya hana wasu masu da'ira ƙirga tasbihi da tsakuwa a masallacin Kufa. Wannan saɓani ya girmi kowa a cikinmu, kuma ba a nan za a warware shi ba. Kowa ya riƙe fahimtar malamansa. Wanda ba ya zama a da'ira yana da nasa taron: halƙar karatun Alƙur'ani, ko zama a masallaci tare da wasu har rana ta fito, kowa na azkar ɗinsa.

Tijjaniyya ta riga ta raba aikin, kuma rabon yana da abin koyi ko ga wanda ba ɗan ɗariƙa ba. Lazimi na mutum ɗaya ne, a asirce, safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa kuma ana yin ta a jama'a matuƙar akwai 'yan'uwa a kusa, sau ɗaya a yini da dare: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Sai zikirin Juma'a bayan La'asar zuwa faɗuwar rana. Lazimi da wazifa ana rama su in sun kuɓuce, zikirin Juma'a ba shi da ramuwa. Wato kullum muridi na da zama biyu shi kaɗai da zama ɗaya cikin mutane. A Ƙadiriyya ma, ɗariƙar su Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu, akwai wuridin da mutum ke ja shi kaɗai, akwai kuma taron anfasu (zikirin da ake yi da numfashi mai ƙarfi) da bandiri. Waɗannan wuridai ba a ɗaukar su daga takarda ko waya. Sai da izinin muƙaddami.

To, zaman kaɗaici. Abin da ya fi kashe shi shi ne fara shi da yawa. Mai farawa ya ɗauki minti goma, iyaka sha biyar, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum. Tsakanin Asuba da fitowar rana ya fi, domin ciki bai cika ba, waya ba ta fara ƙara ba. Bayan Isha'i ma yana yiwuwa, amma wanda ya cika ciki da tuwo ya zauna a ɗaki mai duhu, ƙarshensa minshari ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano ba ya zaunuwa ko da dare, gara tsakar gida ko zaure. Da damina kuma sauro ne zai raba ka da natsuwa, don haka ba laifi ka zauna cikin gidan sauro.

Yi alwala, fuskanci alƙibla, ninka darduma ko buzu ka sa a ƙarƙashin mazaunai yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu. Wannan ɗan tudun ne ke hana ƙafa mutuwa da baya sagewa. Mai ciwon gwiwa ya zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa. Kada a jingina kai da bango. Minti biyun farko kada ka ce komai: bar numfashi ya shiga ya fita ta hanci yadda yake so, ka bi shi da hankali har kafaɗu su sauka. Sannan ka ɗauki lafazi ɗaya, misali istigfari ko "Subhanallahi wa bihamdihi" ɗari, a hankali yadda kunnenka zai ji kowane harafi. Hailala ɗari in an ba maddarta haƙƙinta tana cin minti huɗu ko biyar. In ka gama ta a minti ɗaya da rabi, tsere ka yi. Ka rufe da minti uku na tafakkuri a kan aya ɗaya da ka san ma'anarta, kamar ƙarshen Ali Imrana inda aka yi zancen halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da rana.

Hankali zai gudu, wannan ba makawa. Zai tafi kuɗin makaranta, ya tafi maganar da maƙwabci ya faɗa jiya. Da ka farga, dawo da shi kan lafazin ba tare da faɗa da kanka ba, kuma kada ka koma farkon ƙirga. Masu komawa farko su ne ke faɗawa waswasi, su yi awa ɗaya ba su cika ɗari ba. Shi ya sa carbi ya fi ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa: ƙwayar carbi sai ka ja ta, ka ji shaidarta ta zo hannu, ita kuwa na'ura babban yatsa na iya danna ta sau dubu kana kallon Facebook.

Kaɗaici na da wasu ramuka biyu. Ba mai gyara maka lafazi, sai ka shekara kana jan harafin da ba a ja. Sannan akwai jiji da kai: mutum ya yi wata biyu yana tashi dare, ya yi mafarki ɗaya, ya fara ganin kansa waliyyi. Duka biyun maganinsu malami ne da za ka riƙa karanta masa kana gaya masa halin da kake ciki. Halwa kuwa, ta kwana uku ko bakwai ko arba'in, ba aikin mai farawa ba ce. Haɗuwar rashin barci da ƙarancin abinci da rashin magana da mutane na iya birkita lafiyayye ma. Wanda ke fama da baƙin ciki mai nauyi, ko firgita bayan ya tsira daga hannun 'yan bindiga, ko yana jin muryoyi, kada ya kulle kansa a ɗaki da sunan ibada. Ya zauna cikin mutane, ya kuma ga likita.

Ita jama'a, abin da take bayarwa a fili yake. Lokacinta tsayayye ne, in ba ka zo ba gobe wani zai ce, "Malam, jiya lafiya ba mu gan ka ba?" Wannan tambayar kaɗai ta riƙe mutane da yawa shekara da shekaru. Muryar da'ira na ɗaukar mai kasala kamar yadda gayya ke ɗaukar raggon manomi, kuma sabon shiga na koyon lafazi da kunne. Ko likitocin Turai da Amurka da ke koyar da zaman natsuwa don rage damuwa a haka suka tsaya. Tsarin da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979 na mako takwas ne: haɗuwa sau ɗaya a mako ta kusan awa biyu da rabi, sannan kowa ya yi minti 45 a gidansa kullum. Taron na riƙe mutum, amma yawancin aikin a gida ake yin sa.

Kafin ka lizimci wata da'ira, je ka zauna sau uku ka lura da abubuwa huɗu. Na farko sauri: in mai jan baƙi na gudu har kalmomi na cin juna, na bayansa haɗiye rabi suke yi. Na biyu murya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai da suka ɗaga murya a tafiya su sauƙaƙa wa kansu, domin ba kurma suke kira ba, ba kuma wanda ba ya nan ba. Lasifikar da ke hana mara lafiya da jariri barci a gidan da ke jikin masallaci ba ta ƙara wa kowa natsuwa. Na uku, me ake yi bayan an shafa? In minti ashirin na zikiri na jawo awa ɗaya ta gulma da siyasa, an ci riba an mayar. Na huɗu ka duba zuciyarka: kana ƙara rangaji in babban mutum ya shigo? To riya ta leƙo.

A wurin anfasu akwai abin da ya kamata a sani game da jiki. Numfashi mai ƙarfi da sauri na fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, sai jiri ya zo, leɓe da yatsu su yi tsam-tsam, wani har ya faɗi. Ba kowane jiri ne hali na ruhi ba. Wanda ya ji haka ya zauna, ya rufe baki ya yi numfashi ta hanci a hankali, cikin 'yan mintuna zai dawo. Mai asma, musamman a ƙurar hunturu, da mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya da mai juna biyu, su bi da harshe kawai daga gefe.

Sau da yawa ma hali ne ke yi wa mutum zaɓi. A ƙauyuka da dama na Zamfara da kudancin Kebbi fita bayan Magariba ta zama kasada, ba wanda zai ce ka ratsa daji don da'ira. Mutanen gida ɗaya ko zaure ɗaya sun isa jama'a. Manomi da damina, da direban da ke kwana a hanya, zaman kaɗaici gajere shi ne abin da za su iya riƙewa. Matar aure mai goyo da wuya ta sami minti talatin a jere, sai ta raba: biyar bayan Asuba kafin a hura wuta, goma bayan yara sun kwanta, taronta kuma Islamiyyar matan aure.

Wanda har yanzu bai gane nasa ba, ya gwada haka. Mako biyu ya zauna shi kaɗai minti goma bayan Asuba, ya riƙa yin ɗigo a kalanda duk ranar da ya yi. In ɗigon ya kai goma sha ɗaya cikin sha huɗu, yana iya riƙe kansa. Ya ci gaba, ya ƙara minti biyar duk mako biyu, ya riƙa zuwa taro sau ɗaya a mako. In bai kai bakwai ba, ya nemi jama'a ta kullum, mafi kusa da gidansa wadda zai je da ƙafa, amma in an tashi kada ya miƙe tare da mutane. Ya ƙara minti biyar a wurin, shiru, bayan an naɗe tabarmi.