Asabar: layin da na gani a ƙarƙashin sirdin keken Baba

Kusan mako biyu ke nan ina jin wata 'yar ƙara a keken da na gada daga mahaifina, wadda ba ta fitowa sai na zauna daram a kan sirdi ina hawan tudu, kuma da zarar na miƙe tsaye a kan feda sai ta yi shiru. Na zuba wa sarƙa mai, na ƙara giris a boris ɗin feda, na ɗaure notin kariya, amma ƙarar ba ta fasa ba. Yau da safe, bayan na karya kumallo, na fito da keken tsakar gida domin in wanke masa ƙurar hunturu, kuma ina cikin goge bututun da sandar sirdi take shiga cikinsa sai tsumman ya bar wani siririn layi mai launin ƙasa-ƙasa wanda ya ƙi gogewa.

Keken ƙirar Raleigh ne, baƙi, mai birkin sanda da manyan tayoyi na inci 28, kuma har yanzu tambarin kan zalɓe yana nan a goshinsa, ko da yake launinsa ya koɗe. Marigayi mahaifina ya saye shi ne a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, a lokacin da abokan aikinsa da yawa suka zaɓi babur, saboda haka keken ya girmi duk wanda yake hawansa a gidan nan in ban da ni. Kamfanin na garin Nottingham ne a Ingila, ya taɓa samun masana'anta a Kano, kuma tun 2002 ya daina ƙera kekuna a garin nasa na asali. Ban kawo wannan don alfahari ba, sai don in tuna wa kaina dalilin da ya sa gabana ya faɗi a kan layin da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba.

A bayan saman bututun akwai wata tsaga da maƙera suka yi da gangan, wadda take ba wa noti damar matse bakin bututun ya riƙe sandar sirdi. Layin da na gani ya taso ne daga ƙarshen wannan tsagar, ya ɗan gangara, sannan ya karkata zuwa hagu kamar mai niyyar zagaye bututun. Abu na farko da na gaya wa kaina shi ne fenti ne kawai ya tsage, domin fentin da ya shekara hamsin yana shan rana da raɓa ba ya rasa tsattsagewa, kuma akwai irin wannan zane da yawa a kan madigadi. Sai dai tsagewar fenti takan zo da 'yan'uwanta, ta bazu kamar busasshen taɓo a bakin tafki, alhali wannan layin shi kaɗai ne, yana da mafari kuma yana da inda ya dosa. Na wanke wurin da sabulu, na shanya, na shiga da keken cikin zaure inda babu haske sosai, na haska tocila daga gefe yadda duk wani gurbi zai yi inuwa. Na bi layin da farce na ji ya ɗan maƙale. Na ɗauki hotonsa da waya na faɗaɗa har hoton ya dushe, na dube shi ta dama na dube shi ta hagu, kuma duk lokacin da na duba ina ganin abin da zuciyata take so ne a wannan lokacin.

Da hantsi na tura keken da hannu, ban hau ba, zuwa wurin dattijon da yake gyara mana kekuna tun ina makarantar firamare. Na same shi a gindin bishiyarsa yana yi wa wani yaro faci. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, wani abu na gani a jikin keken nan, ina fata ku ce mini fenti ne.” Ya ce, “Malam, bari mu tambayi ƙarfen, shi ne ba ya jin kunyar kowa.”

Bai fara da layin ba. Ya kwance noti ya zaro sandar sirdi, ya ɗaga ta ya nuna mini inda tsatsa ta tsaya da inda ƙarfe yake sheƙi, kuma wannan shaida ta nuna cewa abin da yake cikin bututun bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Nan take na gane mai aikin. Ɗan farina, wanda ya ɗara ni tsawo tun bara, shi yake zuwa makaranta da keken, kuma ya ɗaga sirdin ya daidaita da ƙafafunsa ba tare da ya san cewa sandar tana buƙatar ta nutse aƙalla santimita shida zuwa bakwai ba, wato har ta wuce mahaɗar da bututun sama yake haɗuwa da na sirdi. Idan sandar ba ta kai nan ba, duk nauyin mahayi yana komawa ne kan bakin bututun, sandar ta zama kamar ƙarfen ɓamɓare ƙusa, tana tura bakin baya a kowane rami da kowane gargada. Ni ma da laifina, domin na hau keken a haka sau da yawa, ina jin sirdin ya yi mini tsawo, amma kasala ta hana ni ɗauko sifana.

Daga nan ya kankare fentin wurin da sandfefa har ƙarfe ya fito fari, ya ɗiga kananzir a kan layin, ya bar shi ya jiƙa yayin da ya ƙarasa facin yaron. Da ya dawo sai ya goge wurin tas da busasshen tsumma, ya niƙa guntun allin makaranta ya dama da ɗan ruwa, ya shafa siririn shafi, muka zauna muna jira ya bushe. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, domin da ita ma'aikatan jirgin ƙasa na da suke gano tsagewa a manyan ƙarafunan jirgi, kuma ita ce asalin jan ruwan gwaji da injiniyoyi suke fesawa a yau. Hikimarta ita ce kananzir yana da tsinkewar da zai kutsa cikin tsagar da ido ba ya gani, tsumma ba zai iya fito da shi ba, amma busasshen alli zai tsotso shi. Da allin ya yi fari fat, sai dattijon ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da bayan sifana. A gaban idona wani siririn zare mai duhu ya fara fitowa a kan farin, ya bi hanyar layin daidai, sannan ya zarce inda nake tsammanin ya ƙare da kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ya miƙo mini tocila ya ce in leƙa ta cikin bututun, na leƙa, na ga layin a can ma. Ban sake maganar fenti ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a nan ba. Ya kifa keken ya bi da yatsa ta ƙarƙashin bututun da yake gangarowa daga wuyan keke zuwa feda, dab da mahaɗa, yana neman ɗan kumburi ko lanƙwasa, wanda shi ne tabon da karo ta gaba yake bari ko da an daɗe da miƙe fok. Ya duba kewayen gidan boris na feda, ya duba inda jak yake matse ƙananan bututun baya, ya duba inda tayar baya take ɗaurewa. Ya ɗaura zare daga ƙarshen firam na baya, ya zagayo da shi ta wuyan keken ya dawo ɗaya gefen, ya gwada tazarar zaren da bututun sirdi ta ɓangarorin biyu, ya tarar sun yi daidai. Ya girgiza firam ɗin kusa da kunnensa, muka ji 'yan ɓarɓashin tsatsa suna motsi a ciki, amma ya ce ba su kai na damuwa ba, kuma ya ja mini kunne game da barin keken a ruwan damina, tunda ta bakin wannan bututun ne ruwa yake shiga ya kwanta a ƙasa.

Hukuncinsa shi ne tsagewar gaskiya ce, amma ta zo a wurin da ake iya gyarawa. Da a fok take, ko a wuyan keke, da ya ce in rataye shi in huta, domin idan waɗannan suka rabu ana cikin tafiya fuska ce take fara isa ƙasa. Alherin baƙin ƙarfe shi ne yakan tsage a hankali, yana ƙara yana ba da sanarwa, kuma ƙarar da na yi mako biyu ina bi da mai da giris ita ce sanarwar.

Na tambaye shi ko in kai wa mai waldar ƙofofi da yake bakin layinmu, ya girgiza kai da ƙarfi. Kaurin bututun bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma waldar lantarki da ake yi wa ƙyauren gida za ta huda shi kafin a ƙifta ido. Ban da haka, irin wannan firam ba narka ƙarfensa aka yi aka haɗa ba: an cusa bakin kowane bututu ne a cikin kwanson mahaɗa, aka zuba narkakkiyar tagulla ta bi tsakaninsu ta riƙe. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, ƙarfe kuwa sai ya doshi 1,500, saboda haka zafin waldar lantarki zai narkar da tsohon haɗin ya kuma gurɓata sabon. Abin da ya dace shi ne mai waldar gas, irin masu gyaran salansa da lagireto, ya fara huda ɗan ƙaramin rami a daidai ƙarshen tsagewar domin ta daina tafiya, ya cike ta da tagulla, sannan a goge cikin bututun yadda sanda za ta shiga ba tare da tilas ba. Bayan haka sai a nemo sanda mai tsawo, a shafa wa wurin fenti kafin tsatsa ta riga mu.

Kafin in tafi ya ɗauki ƙusa ya yi ɗan ɗigo a inda zaren duhun ya tsaya, domin mai walda ya san inda zai huda, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo, ya ce kuɗin alli ba ya shiga lissafi. Na turo keken gida babu sirdi, sirdin da sandarsa suna ɗaure a kan kariya, yara suna kallona.

Da yamma na kira ɗan nawa na nuna masa sandar da alamar tsatsar, na ba shi tocila ya leƙa da kansa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko ranar Litinin da ƙafa zai tafi makaranta. Na ce masa e, kuma idan an tashi ya same ni a wurin mai walda, domin shi zai riƙe firam ɗin.