Ku Hau Dutse Tun Gwiwa Tana Da Ƙarfi

Ƙannena, akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka a birni wadda na daɗe a cikinta kafin na gane illarta, wato kallon tafiyar ƙafa a matsayin alamar rashi. Da zarar saurayi ya samu ɗan aiki ya sayi babur, ko masallacin unguwa ba zai je ba sai ya tayar da mashin. Haka na ƙarar da samartakata, daga kujerar ofis zuwa kan babur, daga nan zuwa majalisa a sha shayi har dare. Dutsen Dala yana tsakiyar Kano, kullum ina hangensa, amma a ganina hawansa aikin yara ne da baƙi masu ɗaukar hoto.

Jiki kuwa ba ya yafe bashi. Tumbi ya fito, bene ɗaya in na hau sai haki, barci ya zama rabi da rabi. Da aka auna jinina aka ga ya haura 140/90, likita ya rubuta magani, ya kuma ce lallai in riƙa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Hawan dutse ya fi tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sa zuciya aiki, kuma manyan tsokokin cinya da na sha-raɓa suna zuƙe suga daga cikin jini yayin da suke ɗaga nauyin mutum. Shi ya sa yake taimakawa wajen kare kai daga ciwon suga da hawan jini, yana kuma ƙarfafa ƙashi.

Sai dai da tsoro ya kama ni, gaggawa na yi. Na tasar wa Dala da rana tsaka a zafin bazara, da silifas, ba ko ledar ruwa a hannuna, ina so in rama abin da ya wuce a yini guda. Ban kai sama ba jiri ya ɗebe ni, na zauna a kan matakala idona na ganin duhu-duhu. Saukowa ta fi hawan wuya, domin a gangara ne nauyin jiki yake sauka a kan gwiwa, kuma na yi kwanaki ina ɗingishi. Kada ku yi haka. Ku fita bayan sallar asuba ko bayan la'asar, da takalmi mai kama ƙafa da gorar ruwa. Ku yi tafiyar da za ku iya magana a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba, ku fara da zagayen unguwa kafin ku nufi dutse. Mai ciwon zuciya ko suga ya fara tambayar likitansa, wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ya tsaya nan take.

Abin da ban zata ba shi ne amfanin da ya yi wa kaina. A lokacin ina fama da tunanin bashi da rikicin wurin aiki, irin tunanin da yake zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. A kan dutse hankali ba ya samun wannan damar, dole ya koma kan inda za a sa ƙafa da yadda numfashi ke fita. In ka kai sama ka ga rufin kwanon tsohon birni ya miƙe har inda ido ya tsaya, ga Goron Dutse can gefe, matsalar tana nan ba ta tafi ba, amma ta koma daidai girmanta. Daren ranar kuwa barci ba ya gardama. Na kuma lura cewa abokin da ba zai taɓa faɗin damuwarsa a majalisa ba, in kuna tafe kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sai ka ji ya fara amayar da abin da ke cinsa. Ku bar waya a aljihu don wannan hirar ta samu wuri. Wanda damuwarsa ta yi tsanani har ya daina cin abinci ko yake jin rayuwa ta ishe shi, ya haɗa da zuwa asibiti, tafiya kaɗai ba za ta wadatar ba.

Duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba. Zazzagawa na da Kufena, mutanen Jos na da tsaunukan Shere. Amma halin tsaron da ake ciki ya sa kada kowa ya shiga daji shi kaɗai, ku tambayi mutanen wurin tukuna, ku gaya wa na gida inda kuka nufa da lokacin dawowa. Ƙannena mata su fita a ƙungiya, ko tare da 'yan'uwansu. A wurin da duwatsu suka yi yawa kada a zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa take fakewa, kuma in tsautsayi ya faɗa a garzaya asibiti ba tare da tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ba.